Tatsuniya ma makaranta ce ga mai ajiyar takardu

Duk wanda ya taɓa zuwa biro neman takardar haihuwa ko ta fili aka ce masa "sai gobe, ba a ga dosiyenka ba", ya san ajiyar takardu ba ƙaramin al'amari ba ne. Takarda guda in ta ɓace, tsohon ma'aikaci na iya rasa kuɗin fanshonsa, magada kuma su rasa gonar ubansu.

Sau da yawa ba mugunta ke jawo haka ba, rashin sani ne. Sabon ma'aikaci ana ba shi kujera da tarin takardu, a miƙa masa ƙa'idodi cikin faransanci mai tsauri, ya karanta yau ya manta gobe.

Alhali ƙa'idodin ba su da wuyar ganewa. Ta farko, kowace wasiƙa, mai shigowa da mai fita, a rubuta ta cikin rajista da lamba da kwanan wata. Ta biyu, takarda tana da zamani uku: lokacin da ake aiki da ita kullum, lokacin da ake waiwayarta jefi-jefi, sannan lokacin da za a yanke mata hukunci, ko a lalata ta bisa doka ko a adana ta har abada. Ta uku, kada a cuɗa takardun wata ma'aikata da na wata, ƙa'idar da aka kafa a Faransa tun 1841.

To, mu ɗauka an tsara labari: Gizo ya zama sakatare, wasiƙa ta zo, ya jefa ta ƙarƙashin tebur ba lamba. Damina ta sauka, ɗaki ya yi yoyo, gara ta gama da sauran. Ranar shari'ar gona alƙali ya nemi shaida, Gizo sai zufa. Wanda ya ji wannan ya yi dariya, da wuya ya sake ajiye wasiƙa bai rubuta ta ba, domin ya ga laifin, ya ga wanda laifin ya cuta.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Nijar. Tun 1964 aka soma koyar da yara ta talabijin, kuma wasannin kwaikwayo irin na su Yazi Dogo sun isar wa talakawa da saƙon da jawabi bai isar ba.

Sai dai a yi hattara. Labari ba ya maye gurbin doka. In marubuci ya karkata ƙa'ida don labari ya yi daɗi, ya koyar da kuskure, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka dole gwanayen aikin, irin waɗanda makarantar EBAD ta Dakar ke horarwa, su duba kowane labari kafin a kai shi aji, malami kuma ya biyo bayansa da aiki na zahiri a kan rajista.

Muna kira ga makarantun horar da ma'aikata da marubutanmu su haɗa kai. Ranar 9 ga Yuni ta kowace shekara, ranar ajiyar takardu ta duniya, dama ce ta gabatar da irin waɗannan labarai cikin harsunanmu. Takardar da aka tsare yau, haƙƙin talaka ne aka tsare gobe.