Bakassi Da Darak: Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

Tun daga ran 14 ga watan Agusta, 2008, da aka yi biki a Kalaba aka miƙa wa Kamaru yankin Bakassi, maganar nan ba ta kwanta ba. Lokaci-lokaci sai a ji wani ɗan siyasa ko wata ƙungiya sun tashi suna cewa a je a ƙwato ƙasar kakanni, ko da tsiya ko da tsiya-tsiya. Mu a wannan shafi ra'ayinmu shi ne a bar iyaka inda shari'a ta ajiye ta, a juyo kan mutanen da hukuncin ya shafa, waɗanda har yanzu ba a share musu hawaye ba. Ga dalilanmu.

Da farko ya kamata masu karatu su san tushen al'amarin, don galibin masu ɗaga murya ba su faɗar sa. Cikin 1884 Ingilishi suka ƙulla yarjejeniyar tsaro da sarakunan Tsohuwar Kalaba. Cikin watan Maris na 1913 kuma Ingila da Jamus suka zauna suka shata iyaka, suka sa Bakassi a ɓangaren Jamus, watau ƙasar Kamaru, ba tare da sun tambayi ko da masunci ɗaya ba. Bayan samun mulkin kai, Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahmadu Ahijo suka sa hannu kan wata takarda a Marwa cikin watan Yuni na 1975, wadda ta ja iyakar ruwa ta yamma da Bakassi. Cikin watan Mayu na 1981 aka kashe sojojin Nijeriya biyar a wannan yanki. Jama'a suka harzuƙa, jaridu suka yi ta kiran yaƙi, amma Shugaba Shehu Shagari ya danne zuciya har Kamaru ta ba da haƙuri ta biya diyya. A ƙarshen 1993, zamanin Janar Sani Abacha, sojojinmu suka shiga yankin, ita kuwa Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg cikin watan Maris na 1994.

Shari'ar ta ɗauki shekara takwas. Lauyoyin Nijeriya suka kawo hujjar cewa mutanen Bakassi Efik ne da Ibibiyo da danginsu, a Nijeriya suke biyan haraji, Nijeriya ce ta yi musu makarantu da ɗakunan shan magani. Suka ce Ingila ba ta da ikon ba da ƙasar da amanarta kawai aka ba ta, kuma Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta taɓa amincewa da takardar Marwa ba. Ran 10 ga watan Oktoba, 2002, kotu ta yanke hukunci cewa rubutacciyar yarjejeniya ta fi daɗewar zama ƙarfi, saboda haka Bakassi ta Kamaru ce. Amma fa kotun ba ta ba Kamaru dukan abin da ta nema ba. Ta ƙi yarda a ci Nijeriya tarar diyya, ta ba Nijeriya gaskiya a wurare da dama a iyakar tudu, kuma iyakar teku da ta tabbatar ta bar mana manyan rijiyoyin manmu na cikin ruwa.

Abin da ba a cika faɗa ba a nan Kudu shi ne, hukuncin nan ya taɓa Arewa tun kafin ya taɓa Kuros Riba. Sa'ad da fari ya ƙafar da Tafkin Chadi cikin shekarun 1970 da 1980, masunta da manoma, Hausawa da Barebari da sauransu, suka yi ta bin ruwa yana ja suna bi, har suka kafa Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ƙaramar hukumar Ngala ta Jihar Borno ce ke gudanar da su. Kotu ta ce iyakar da Ingila da Faransa suka tabbatar cikin 1931 ta sa wannan wuri cikin Kamaru, kuma cikin watan Disamba na 2003 Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30. Saboda haka in mun yi maganar Bakassi, ba a matsayin 'yan kallo muke yi ba. Wanda ya kwana ɗan Nijeriya a Darak ya tashi baƙo, ciwonsa ɗaya da na masuncin Abana.

To, ga wannan ciwo, me zai hana mu goyi bayan masu cewa a ƙwato? Dalili na farko shi ne, hujjar tasu wuƙa ce mai kaifi biyu. Ran 11 ga watan Fabrairu, 1961, Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar da ƙuri'ar jin ra'ayi a ƙasar Kamaru ta hannun Ingila. Mutanen sashen arewa suka zaɓi Nijeriya da ƙuri'a 146,296, masu son Kamaru suka sami 97,659. Ta haka ne Mubi da Gwoza da Bama da Ganye da tsaunin Mambila suka tabbata cikin Nijeriya, har aka kafa Lardin Sardauna. Gwamnatin Ahijo ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta kai Ingila ƙara Kotun Duniya, kotu ta ƙi yanke hukunci cikin 1963, dole Kamaru ta haƙura. In mu muka ce hukuncin 2002 bai ɗaure mu ba, da wane baki za mu hana wani a Yawunde ya ce shi ma ƙuri'ar 1961 ba ta ɗaure shi ba?

In kuwa tarihin kakanni za a bi, to ba iyakar da za ta tsaya. Garwa da Marwa da Ngaundare da Tibati da Banyo duk sun kasance ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa na Yola kafin Turawa su raba ƙasar. Daular Borno ta shafi ƙasashe huɗu na yau: Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Sarautar Maraɗi daga tsohon gidan sarautar Katsina ta fito. Yarabawa suna da 'yan'uwa a Ketu da Sakete cikin Jamhuriyar Benin. Kowace ƙasa a wannan yanki tana da tsohuwar taswirar da za ta ɗauko, kuma kowace taswira tana cin gonar wani. Wannan ne ya sa shugabannin Afirka da suka taru a Alƙahira cikin watan Yuli na 1964 suka ɗauki alkawarin girmama iyakokin da suka gada ran samun mulkin kai. Sun san sarai Bature ya shata su don amfanin kansa. Sun dai auna ne suka ga gyaransu da bindiga ya fi barinsu ɓarna.

Dalili na biyu shi ne abin da ya sami ƙasar da ta ƙi wannan alkawari. Somaliya ta sami mulkin kai cikin 1960, tutarta ɗauke da tauraro mai tsini biyar, kowane tsini yana nufin wani yanki da Somalawa ke zaune: sashen da Italiya ta mallaka, da na Ingila, da Jibuti ta hannun Faransa, da Ogaden cikin Habasha, da arewa maso gabashin Kenya. Biyun farko ne kaɗai suka haɗu, sai shugabanninta suka sa neman sauran ukun gaba da kome. Daga 1963 zuwa 1967 aka yi ta zub da jini a arewacin Kenya ba a sami ko taƙi ba. Jibuti ta sami 'yanci cikin watan Yuni na 1977 ta zaɓi zaman kanta. Cikin watan Yuli na wannan shekara Janar Siyad Bare ya tura rundunarsa Ogaden. Da farko abin ya yi kyau, har suka kama Jigjiga. Sai Tarayyar Sobiyet, wadda ita ce ta ba shi makamai, ta juya masa baya ta koma wajen Habasha, Kyuba kuma ta aiko da dubban sojoji. Kafin ƙarshen watan Maris na 1978 an koro su gida.

Abin da ya biyo baya ya fi yaƙin muni. Dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira suka kwararo cikin Somaliya. Hafsoshin da suka ji zafin kaye suka yi yunƙurin juyin mulki cikin watan Afrilu na 1978, ƙungiyoyin tawaye suka ɓullo, har gwamnati ta kai ga ruwan bama-bamai a kan Hargesa, birninta na biyu, cikin 1988. Siyad Bare ya gudu cikin watan Janairu na 1991, cikin watan Mayu kuma sashen arewa ya ce ya ɓalle. Ƙasar da ta fita neman haɗa yanki biyar ta kasa riƙe biyun da ke hannunta. Ga shi kuwa Somalawa harshensu ɗaya, addininsu ɗaya. Ina ga ƙasa irin tamu mai harsuna ɗaruruwa?

Makwabciyarmu Chadi ma ta ga irin wannan. Libiya ta mamaye zirin Awuzu cikin 1973 bisa wata tsohuwar yarjejeniyar Faransa da Italiya ta 1935 wadda ba ta taɓa fara aiki ba. Aka gwabza yaƙi, aka yi hasarar rayuka da dukiya, musamman cikin 1987. Daga ƙarshe gaban wannan Kotun Duniya aka je, ta ba Chadi gaskiya cikin watan Fabrairu na 1994, Libiya ta kwashe sojojinta cikin watan Mayu. Abin da alƙalai suka raba, an iya kai musu shi tun ba a haƙa kabari ko ɗaya ba.

Dalili na uku ya shafe mu kai tsaye, mu mazauna Sabon Badun da Agege da Idi-Araba da Shagamu, da Bogobiri ta Kalaba, da Ama Hausa ta Owerri, da kasuwar shanu ta Lokpanta. Aƙidar masu neman ƙwato ƙasa ita ce ƙasa ta wanda kakansa ya fara sare daji ce, kowa kuma baƙo ne. Duk ranar da wannan magana ta sami gindin zama tsakanin ƙasa da ƙasa, ba za ta daɗe ba za ta sauko tsakanin jiha da jiha, da unguwa da unguwa. Mai sayar da goro ko albasa ko shanu da ya shekara arba'in a Ikko, 'ya'yansa ba su san wani gida ba, shi ne zai fara ji a jikinsa. Haka kuma akwai 'yan Nijeriya masu yawan gaske a Kamaru, Ibo da Efik da Hausawa, a Duwala da Kumba da unguwar Birketiri ta Yawunde. Ran da aka harba bindiga a iyaka, rumfunansu za a fara rufewa. Dattawanmu ba su manta da korar baƙi da Gana ta yi cikin 1969 ba, da wadda Nijeriya ta yi cikin 1983. A duka biyun talaka ne ya ɗauki kayansa a ka.

Ko ta fuskar shari'a ma ƙofa ta rufe. Dokar kotun ta ba da shekara goma don neman sake duba hukunci in an sami sabuwar hujja. Wa'adin ya cika cikin watan Oktoba na 2012, gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta duba ta ce ba za ta nema ba. Wanda ya ce wa jama'a yau zai dawo da Bakassi, sai ya gaya musu ta wace hanya, da kuma 'ya'yan wa zai tura.

Kada a ɗauka muna cewa an kyauta wa mutanen Bakassi da Darak. Ba a kyauta musu ba. Ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu kamar yadda aka tambayi mutanen Mubi cikin 1961. Waɗanda suka zaɓi dawowa gida aka sauke su a Ikang da Akpabuyo, masunta aka ajiye su inda sana'arsu ba ta ci, da yawa suka shekara da shekaru a sansani. Jihar Kuros Riba kuma ta rasa rijiyoyin mai 76 bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2012. Nan ne ya kamata masu kishi su nuna kishinsu.

Muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta riƙe Kamaru kan alkawarin da Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya suka sa wa hannu a Girintiri ta Amurka ran 12 ga watan Yuni, 2006, gaban Kofi Annan. A ciki Kamaru ta yarda ba za ta kori 'yan Nijeriya mazauna Bakassi ba, ba za ta tilasta musu sauya ƙasa ba, za ta bar su su yi su da noma, ba kuma za ta ɗora musu harajin wariya ba. In jandarma ya saɓa wannan, aikin jakadanmu ne ya bi kadi, ya kuma gaya wa jama'a abin da aka yi. A ba waɗanda suka dawo matsuguni na dindindin a bakin ruwa, da makaranta da asibiti da katin zaɓe. A yi wa mutanen Tafkin Chadi haka nan, don su rikicin Boko Haram ya ƙara musu wahala kan wahala. Sa'an nan duk inda za a kafa dutsen iyaka a wannan layi mai tsawon kimanin kilomita 2,000, a zauna da dagatai da masu gonaki tukuna, a bar wa manomi da makiyayi hanyar zuwa gonarsa da mashayarsa.

Ga 'yan'uwanmu masu karatu kuwa, musamman sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, muna roƙo a ja kunnen matasa. In mai neman ƙuri'a ya zo da zancen ƙwato ƙasar kakanni, a tambaye shi abin da ya yi wa waɗanda suka riga suka rasa gidajensu. Zaman lafiya da makwabci shi ne jarin duk wanda ke cin abinci a ƙasar da ba a haifi kakansa ba. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.