A Ba Ɗalibin Harshe Kujera a Motar Termit

Duk lokacin da wata jami'a ta shirya kai ɗaliban kimiyya ziyarar nazari cikin hamada, jerin matafiya kusan iri ɗaya ne: masu nazarin tsirrai, masu nazarin dabbobi, masu nazarin ƙasa. Ba a cika tunawa da ɗalibin kimiyyar harshe ba, alhali rashinsa asara ce ga binciken kansa.

Gandun dajin Termit da Tin-Tumma, wanda gwamnatin Nijar ta keɓe a 2012 da faɗin kimanin murabba'in kilomita 97,000, ya shiga arewacin jihar Diffa. Can ne mafakar ƙarshe ta adaks, farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda ƙidayar 2016 ta gano uku kacal daga cikinta. Wanda ya fi kowa sanin sawunta, da ciyawar da take ci, da lokacin ƙaurarta, shi ne makiyayin Tubu ko Balaraben da ke kiwon raƙuma a wurin. Iliminsa kuwa a cikin harshensa yake. Idan aka tambaye shi ta bakin direba ko ɗan rakiya, kalmomi da dama masu bambanta rairayi da rijiyoyi da iska sukan dunƙule su koma kalma ɗaya ta Faransanci. Abin da ya zube a nan ba ya sake tsintuwa.

Misali yana nan kusa. A Kanuri, «komadugu» na nufin kogi. Mai cewa «kogin Komadugu» kogi biyu ya ambata bai sani ba. Itaciyar da littafin kimiyya ke kira Balanites aegyptiaca, Bahaushe ya ce aduwa, Babarbare ya ce bito, Bafulatani ya ce tanni. Ɗalibin tsirrai zai ɗauki ganye ya busar. Ɗalibin harshe shi ne zai naɗi sunan da karin sautinsa, ya tambayi yadda ake kiran ɗanyen ɗa da busasshe, ya gano wace al'umma ta ari kalmar daga wace.

Za a ce kuɗi sun yi kaɗan, hanya kuma ba ta da tabbas. Gaskiya ne: tun Fabrairun 2015 jihar Diffa ke fama da rashin tsaro, kuma ba wanda zai so a jefa ɗalibai cikin hatsari. Sai dai wannan dalili ne na gaggautawa. Mutanen da rikici ya raba da gonakin tattasai na gaɓar Komadugu da tsibiran tafkin Cadi suna renon ƴaƴan da ba su taɓa ganin abubuwan da kalmomin iyayensu ke nufi ba. Ana iya soma aikin a cikin garin Diffa, da dattawan Kanuri da Buduma, kafin hanyar arewa ta buɗe.

Jami'ar Diffa, da aka kafa a 2014, ta karkata ga aikin gona da muhalli. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai na da sashen kimiyyar harshe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ware kujera ɗaya a kowace tafiya, a nemi yardar masu magana kafin a naɗi muryarsu, a rubuta sunayensu a matsayin masu ilimin, sannan a mayar musu da ƙamus ɗin da aka tattara cikin harsunansu.