Kujera 85, alkawari barkatai: abin da bidiyon ƙwallon Amurka ba ya nuna wa ɗiyanmu



Kwanan baya wani uba ya kira mu bayan mun rufe shiri. Ɗansa yana ajin ƙarshe na lise, dogo ne, ƙaƙƙarfa. Wani ya turo wa yaron saƙo ta WhatsApp, wai akwai jami'a a Amurka da ke biɗar irinsa, za a ba shi burs ya yi wasan ƙwallo, karatu kyauta, ci da kwana kyauta. Sharaɗin guda ne: a fara tura kuɗin buɗe dosiye. Uban har ya sa ranar kai bisashensa kasuwa. Muka ce: Baba, dakata tukuna. Bari mu duba yadda wannan burs ɗin yake a can inda aka haife shi, da yadda ake raba shi ga ɗiyan Amurkawa su kansu.

Da farko, ƙwallon da Amurkawa ke mutuwa a kai ba irin namu na ƙafa ba ne. Wancan ne mai siffar ƙwai, mai kama da zari-ruga, wanda ake sa hular kwano ana karo da juna. A can, ƙungiyoyin jami'o'i sun zama kamar ƙungiyoyin ƙwararru. Filin jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da dubu 107, ya ninka filin Seyni Kountché na Yamai fiye da sau biyu. Kuma waɗanda ake zuwa kallo ɗalibai ne, yara masu shekara 18 zuwa 23. Abin da aka daɗe ana biyansu da shi shi ne tallafin karatu: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci da littattafai.

To amma tallafin nan ƙidayayye ne. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta ƙayyade shi tun 1973 a kan 105, ta rage zuwa 95 a 1978, sannan daga 1994 ya tsaya a 85 ga kowace babbar jami'a, ya kuma daɗe a nan har shekara talatin. A wancan tsarin, rukunin da ke ƙasa da su yana da 63, na ƙasa da wannan 36, rukuni na uku kuwa ba ya ba da tallafin wasa ko guda. Mu yi lissafi tare. Manyan jami'o'in 130 ne da ƴan kai. In ka ninka da 85, gurabe ba su kai dubu 12 ba, kuma na shekara huɗu zuwa biyar ne a haɗe. Abin da ke buɗewa kowace shekara bai wuce 20 zuwa 25 a kowace makaranta ba. Su kuwa yaran lise da ke buga wannan wasa a Amurka sun haura miliyan guda. Daga cikin waɗanda suka samu shiga jami'ar ma, ba su kai 2 cikin 100 ba masu kaiwa gasar ƙwararru ta NFL, wadda ke zaɓen sababbin ƴan wasa 250 da ɗoriya kacal a shekara.

Mu a ganinmu, ƙarancin kujera ba shi ne laifin ba. An sa iyakar ne don kada jami'o'i masu kuɗi su kwashe duk yaran kirki su jibge a benci, wannan kuwa hujja ce mai ƙarfi. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake cika kujerun. Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya san ɗan kamasho: mota mai kujera 18, amma kowa ya tunkaro sai ya ce masa saura mutum guda a tashi. Haka masu horaswa ke yi. Koci yana da gurbi 25, sai ya yi wa yara ɗari biyu, ɗari uku tayi da baki. Shi yana kare kansa ne, don bai san wanda zai amsa ba. Yaro kuwa da iyayensa sun ɗauka magana ta ƙare, har sun daina sauraron sauran makarantu. Alhali tayin baki ba ya ɗaure kowa. Sai ranar sa hannu, a watan Disamba ko Fabrairu, ake sanin wanda ke da kujera da wanda aka yi wa romon baka.

Ga misali. A 2010, Lane Kiffin, kocin jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya yi wa wani yaro, David Sills, tayin burs yana ɗan shekara 13. Duniya ta ɗauka. Kafin yaron ya gama lise, a 2013, an sallami kocin. Alkawarin ya bi shi. Sills ya ƙare a jami'ar West Virginia, kuma a can ma ba a matsayin mai jefa ƙwallo da aka san shi da shi ya yi suna ba, sai da ya koma mai cafewa. Shi Allah ya taimake shi, ya samu wata ƙofar. Nawa ne ba mu ji labarinsu ba?

Wani salon kuma shi ne a sa hannu da yara fiye da kujerun da ake da su. A 2009, jami'ar Misisipi a ƙarƙashin Houston Nutt ta sa hannu da yara 37 a shekara guda, lokacin da doka ta ce sababbi 25 kawai za su shiga. Lissafin shi ne wasu za su faɗi jarrabawa, wasu za a ce su jira zango na gaba. In kuma lissafin bai fita ba, sai a waiwayi tsofaffin ɗalibai, a nemi wanda ya ji rauni ko wanda bai yi ƙoƙarin da aka zata ba, a nuna masa hanya cikin ladabi. Abin ya yi ƙamari har ƙungiyar jami'o'in yankin ta sa doka a kai.

Me ya ba su wannan dama? Tun 1973 aka mayar da tallafin na shekara guda-guda, ana sabunta shi in koci ya ga dama. Sai a 2012 aka yarda a ba da na shekaru da yawa, sannan a 2015 manyan rukunonin nan biyar suka amince ba za a ƙwace wa ɗalibi tallafi don wasansa ya ja baya ba. An ci gaba, ba mu musa ba. Amma ku dubi abin da ya faru a Kolorado. A Disamban 2022 aka ɗauko Deion Sanders, tsohon tauraro, ya karɓi ƙungiyar da ta ci wasa 1 cikin 12. A zamansa na farko da yaran ya gaya masu ƙiri-ƙiri su fara neman wata makarantar, don yana tafe da nasa mutanen. Kafin kakar wasa ta gaba, fiye da 50 sun bar wurin. Doka ta ce wanda sabon koci ya cire yana iya zama ya gama karatunsa da tallafinsa, amma ban da wasa. Yaron da ya taso ba shi da buri sai ƙwallo, wane zai zaɓa? Mafi yawa sun kama hanya.

Za a ce mana, ai koci ma a kan wuta yake, in bai ci ba korarsa za a yi. Gaskiya ne. Za a kuma ce yaran ma suna saɓa alkawari, yau su ce nan, gobe su ce can, musamman tun da aka buɗe rajistar masu sauya sheƙa a 2018, aka kuma ba su damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu a 2021. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai faɗuwar ba iri guda ba ce. Lokacin da jami'ar Texas A&M ta sallami Jimbo Fisher a 2023, da fiye da miliyan 75 na dalar Amurka ya tafi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Yaron da aka sallama kuwa da me yake tafiya? Da gwiwa mai ciwo, da karatun da aka yanke a tsakiya, wani lokaci sabuwar makarantar ma ba ta lissafa masa duk darussan da ya riga ya ci. Kuma ba duk wanda ya sa sunansa a rajistar sauya sheƙa ke samun mai ɗaukarsa ba.

A watan Yunin 2025 abin ya sake juyawa. Wata alƙaliya a Kalifoniya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da aka yi tsakanin hukumar da ƴan wasan da suka kai ƙara. Za a biya tsofaffin ƴan wasa kusan dalar Amurka miliyar 2 da miliyan 800 cikin shekara 10. Kowace jami'a da ta shiga tsarin tana iya raba wa ƴan wasanta har dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko, fiye da miliyar 11 ke nan na sefa. Iyakar 85 ta kau, aka maye ta da wata: ƙungiya kada ta wuce mutum 105, makaranta kuma tana iya ba kowa tallafi in aljihunta zai ɗauka.

A ido abin ya yi kyau. Amma a da ƙungiyoyi da yawa suna da mutum 120 ko fiye, saboda akwai ƴan sa-kai, ɗaliban da ke biyan kuɗin makarantarsu da kansu, suna zuwa atisaye da fatan wata rana a duba su. Daga cikinsu Baker Mayfield ya fito, wanda ya ci kyautar gwarzon jami'o'i a 2017, aka kuma zaɓe shi na farko a NFL a 2018. Daga cikinsu Stetson Bennett ya fito, wanda ya ja jami'ar Jojiya ta ci kofin ƙasa sau biyu a jere. Sabuwar iyakar irinsu take fara taɓawa. Har sai da alƙaliyar ta jinkirta sa hannu, ta ce a nemo hanyar kare waɗanda ke cikin ƙungiyoyin a lokacin. Kullum in aka matse kujera, na ƙasa ne ke fara sauka.

Don haka matsayinmu a fili yake. Makarantar da ta je har gida ta zauna da iyaye ta ce a ba ta yaro, to ta ɗauki kaya, domin alkawari kaya ne. Tayi ya zama a rubuce. Kada a yi tayin da ya wuce kujerun da ake da su sai an gaya wa yaro matsayinsa a layi. Tallafi kuma ya tsaya har ranar karɓar digiri, ko ƙafa ta karye, ko koci ya canza. Jami'ar da ke iya biyan wanda ta kora miliyoyi ba za ta ce kuɗin karatun yaro guda ya fi ƙarfinta ba.

Mu dawo kan Baba da bisashensa. In ɗan Amurka da aka haifa cikin wasan nan, ana ɗaukar bidiyonsa tun yana kolej, yana fama haka, yaya za a yi gurbi ya biyo yaronmu ta WhatsApp? Ko a ƙwallon ƙafa irin namu, shekara da shekaru tallafin da aka yarda wa ƙungiyar maza ta babbar jami'a bai cika 10 ba, a kan 9.9 yake, ana gutsuttsura shi tsakanin yara kusan 30. Koci na gaskiya ba ya sayar da gurbi. Akwai rajistar da hukumar ke yi don tantance takardun ɗalibi, kuɗinta kuma a shafinta na intanet ake biya kai tsaye, ba ta hannun wani ba. Kuma abin da take fara dubawa maki ne: darussa 16 na lise da matsakaicin makin da ta gindaya. Ga Ingilishi da jami'a za ta nemi shaidarsa, mu da muka yi lakkwal da Faransanci. Ga biza, wadda kowa ya san yadda ta yi tsauri. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ba muna cewa ɗan Afirka ba ya kaiwa ba ne. Christian Okoye, ɗan Enugu, ya je Amurka a 1982 a matsayin ɗan wasan jifa, bai fara wannan ƙwallon ba sai yana shekara 23, amma a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL. Ezekiel Ansah, ɗan Akara ta Gana, ya shiga jami'ar Brigham Young a 2008 da tallafin karatu na ƙwaƙwalwa, ba na wasa ba. Sau biyu ya gwada ƙwallon kwando ba a ɗauke shi ba. A 2010 ya shiga ƙwallon Amurka a matsayin ɗan sa-kai, a 2013 aka zaɓe shi na biyar a duk ƙasar. Ku lura da kyau: dukansu biyu suna cikin makaranta ƙwallon ya same su. Ba wanda ya sayi kujera daga hannun ɗan kamasho.

Iyaye, in irin wannan saƙo ya zo, ku tambayi abu huɗu. Wace jami'a ce, kuma wasiƙar ta fito daga adireshinta? Tallafin cikakke ne ko gutsure? Na shekara nawa ne? In yaro ya ji rauni, wa zai biya sauran karatun? Wanda ya fara kame-kame a tambaya ta farko, kun gane shi.

Ku kuma ƙannenmu, ku yi wasa, ba mu hana ku ba, jiki ma amana ne. Amma ku riƙe bak ɗinku da hannu biyu, ku dage da Ingilishi. Koci yana canzawa, doka tana canzawa, mun ga 105 ta koma 95, ta koma 85, ta sake dawowa 105 da wata fuskar. Takardar da ka ci da guminka ba mai cire sunanka daga kanta.

Baba dai bisashensa suna nan a garke, yaron kuma yana shirin jarrabawa. Allah ya ba shi sa'a, ya ba dukan ɗiyanmu, ya kuma tsare mu da masu cin guminmu da daɗin baki. Sai mun ji daga gare ku.