Karen da ya daina amsa kira

A unguwannin Yamai, Maraɗi da Damagaram, gidajen ma'aikata da na ƴan kasuwa da dama suna da karen tsaro, kuma kukan masu su kusan ɗaya ne. An karɓo ɗan kwikwiyo yana da wata biyu, yana bin maigida sau da ƙafa, ko tari aka yi sai ya sheƙo a guje. Da ya kai wata bakwai ko takwas, sai ran nan a buɗe ƙofa don fitar da mota, ya kutsa ya kama titi. A yi ta ƙwala masa kira, ya waiwayo ya dubi mai kiran, ya ci gaba da sha'aninsa. Daga nan sai a yanke hukunci cewa kare ya lalace, a ɗaure shi da sarƙa a gindin bedi har iyakar ransa.

Alhali kuwa bai lalace ba, tashen balaga ne ya zo masa. A shekarar 2020, Lucy Asher ta jami'ar Newcastle a Ingila da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi a kan karnukan da ake reno don jagorar makafi. Sun gano cewa kare mai wata 8 ya fi mai wata 5 yin kunnen uwar shegu idan mai renonsa ya umarce shi ya zauna, amma idan baƙo ne ya ba da umarnin, sai ya bi. Duk uban da ya yi renon saurayi ya san wannan hali. Binciken ya nuna kuma abin yana lafawa idan kare ya kusa cika shekara.

Abin da ke mai da wannan hali mai wucewa ya zama na dindindin, hannun maigida ne. Kare ya gudu, ya yi yawonsa, ya komo da kansa bayan awa ɗaya, sai a tarye shi da bulala. A ganin maigida, gudun ya hukunta. Shi kuwa kare yana danganta duka da abin da ya yi na ƙarshe, wato komowa. Gobe in ya ji sunansa, ya san abin da ke jiransa, sai ya ƙara nisa. Saboda haka karen da ya dawo, ko da ya ɓata wa mutum rai yini guda, ba a dukansa, ba a yi masa tsawa. Wannan ne sashen da ya fi wuya, domin horon zuciyar maigida ne kafin na kare.

Sauran aikin na haƙuri ne. A zaɓi kira guda ɗaya, ko suna ko fito, kowa a gida ya riƙe shi, har yara da mai gadi. A fara a tsakar gida, inda babu abin da zai ɗauke masa hankali, kuma kafin ya ci abinci. In ya zo, nan take a ba shi ɗan guntun nama ko ɓarɓashin kilishin da ba yaji, a shafa shi. Bayan kwanaki sai a fita fili da igiya mai tsawon mita 10 ko fiye, a bar shi ya yi shinshine-shinshinensa, a kira sau ɗaya tak. In ya ƙi, a taka igiyar, a jawo shi sannu ba tare da fizga ba. Maimaita kira sau goma yana koya masa cewa tara na farko ba su da ma'ana. Minti biyar safe da maraice sun fi awa guda ranar Lahadi.

Akwai wata dabara da mutane ke mantawa. Idan kullum kira yana nufin ƙarshen wasa da komawa sarƙa, kare zai gane. Sai a riƙa kiransa, a ba shi tukuici, a sake sallamarsa ya koma wasansa. In kuma ya tsere, bin sa da gudu wasan tsere ne a wurinsa. Gara mutum ya juya baya ya ruga wani gefe, sau da yawa karen ne zai biyo shi.

Ba dukan karnuka ne ɗaya ba. Dogon karen nan siriri na kwarin Azawak, a arewacin jahar Tawa, wanda aka fara kaiwa Turai a shekarun 1970, da ido yake farauta. In zomo ya tashi gabansa, kilishi ba zai tsai da shi ba sai bayan dogon horo. Irinsa ya kamata ya daɗe a igiya fiye da sauran.

Malaman fiƙihu ma sun yi magana a kan wannan. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo hukuncin. Daga cikin alamomin da malamai ke gane horarren kare da su akwai ya tafi idan an aike shi, ya tsaya idan an hana shi. Mafarauta sun san haka tun kafin a buɗe lakwal.

Wanda yake ganin duk wannan wasan Turawa ne, ya tuna da akuyar maƙwabci da ƙarar da za ta biyo baya a gaban mai unguwa. Ya tuna kuma da ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Karen da ya kwana waje yana faɗa da karnukan bola, shi ne zai dawo ya yi wasa da yaran gida. Don haka kafin a kwance igiya a fili, a fara kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi, wadda ake somawa tun yana da wata 3, a kuma adana takardar don sanin ranar sabuntawa.