Asibitin Tarayya na Kafanchan da Alƙaluman Mutuwa Wajen Haihuwa da Suka Ƙi Sauka

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da mayar da babban asibitin Kafanchan, wanda ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Al'ummar kudancin Kaduna sun daɗe suna neman hakan, domin shekara da shekaru duk wanda cutarsa ta fi ƙarfin asibitocin yankin sai an yi tafiyar sa'o'i da shi zuwa Jos ko Kaduna ko Zariya. Murnar da aka yi tana kan hanya. Sai dai ma'aunin da ya kamata a auna sabuwar cibiyar da shi yana cikin ɗakin haihuwa, inda Najeriya ta fi daɗewa tana tafiyar hawainiya.

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu na 2023 zuwa 2024 ya zo da labari biyu. Mai daɗin shi ne, mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 132 cikin kowace haihuwa 1,000 a 2018 zuwa 110. Mara daɗin kuwa, mutuwar jarirai a cikin kwana 28 na farko ba ta sauka ba. A 2008 tana 40 cikin 1,000, a 2013 ta koma 37, a 2018 ta hau 39, yanzu kuma tana 41. Ma'ana, cikin jarirai 25 da aka haifa da rai, ɗaya ba ya cika wata guda a duniya, kuma da yawansu ko ranar suna ba sa kaiwa.

Ta ɓangaren iyaye mata ma haka lamarin yake. Binciken 2008 ya samu mutuwar mata 545 cikin kowace haihuwa 100,000, na 2013 ya samu 576, na 2018 kuma 512. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fi haka yawa: 993 a shekarar 2023, kimanin mata 75,000 ke nan, ko sama da 200 a kowace rana, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya. Bambancin alƙaluman biyu ya samo asali ne daga yadda ake tattara su. Binciken gida yana tambayar mata ne game da 'yan'uwansu mata da suka rasu, su kuwa hukumomin duniya suna gyara lissafin domin cike gurbin mace-macen da ba a rubuta ba. Ko wanne aka ɗauka, tazarar da ke tsakaninsa da burin 2030, wato ƙasa da 70, tana da nisa ƙwarai.

Dalilin da ya sa ɗaya ke sauka ɗaya ke tsaye ba ɓoyayye ba ne. Abubuwan da ke ceton yaro ɗan shekara biyu, irin su rigakafi da gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro, ana iya tsara musu rana a kai su har ƙofar gida. Naƙuda kuwa ba ta jiran ranar gangami. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin sa'o'i biyu. Jijjiga da doguwar naƙuda suna buƙatar allura ko tiyata a daren da suka zo. Jaririn da ya fito bai yi kuka ba yana da 'yan mintoci ne kawai. Duk waɗannan suna neman ƙwararren ma'aikaci a farke, da wuta, da jini a ajiye, da mota mai mai a ciki. Har yanzu kuwa ƙasa da rabin haihuwar da ake yi a ƙasar nan ne ƙwararru ke karɓa.

Wannan darasi tsoho ne a Jihar Kaduna. Tun 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ya nuna cewa mafi yawan matan da suka rasu su ne waɗanda ba su yi awon ciki ba, aka kawo su bayan al'amari ya ɓaci. Masana sun raba jinkirin gida uku: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa.

Sabuwar cibiyar Kafanchan tana iya magance na ukun. Na biyun ne babban ƙalubalen yankin. Mazaɓar Sanatan Kaduna ta Kudu tana da ƙananan hukumomi takwas: Jama'a, Kaura, Zangon Kataf, Jaba, Sanga, Kauru, Kachia da Kagarko. Ƙauyuka da yawa suna bayan duwatsu da rafuka, hanyoyinsu na lalacewa da damina, babur ne abin hawan da ake samu. Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafin. A 2020 an sanya dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Zangon Kataf da Kauru, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa Jama'a da Kaura. Ko babu doka, iyalin da ke tsoron hanya da dare sukan jira gari ya waye, mai zubar jini kuwa ba ta da wannan lokacin. Ungozomar da aka tura ƙauye ita ma tana da iyali, kuma ba za ta kwana a wurin da ba ta da tabbacin tsira ba.

Tsare-tsare dai akwai su a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko. Jihar Kaduna ta ɗauki tsarin gyara cibiya ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓunta 255. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, ƙarƙashin shirin MAMII, wanda ya mayar da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da suka ɗauki fiye da rabin mace-macen. Abin da ya rage shi ne igiyar da za ta ɗaure waɗannan tsare-tsare wuri ɗaya. Cibiyar mazaɓa tana hannun jiha da ƙaramar hukuma, manyan asibitoci irin na Kwoi da Gwantu suna hannun jiha, Kafanchan kuma ta koma hannun Abuja. Mace ɗaya a dare ɗaya tana iya ratsa matakan uku, kowanne da kasafinsa da shugabansa.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika ambata ba. Albashin tarayya ya fi na jiha, don haka sabuwar cibiyar tana iya janye likitoci da ungozomomi daga asibitocin da ke kewaye da ita. Idan haka ta faru, an ƙarfafa gari an raunana ƙauye, an yi gyaran gangar auzinawa. Kafanchan tana da kwalejin horar da ma'aikatan jinya da ungozoma, kuma ɗaukar ɗalibanta aiki a yankin, tare da masauki da alawus na zaman karkara, zai rage wannan giɓi.

Wasu gyare-gyaren ba su da tsada. Gwajin E-MOTIVE, wanda aka wallafa a 2023, ya shafi asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wata leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da mace ta zubar, aka kuma ba da magungunan gaba ɗaya da zarar ya kai iyaka, maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Cibiyar tarayya tana da matsayin da za ta koyar da wannan ga duk asibitocin yankin.

Ga ma'aikatan da ke rubuta takardun kasafi da rahotannin ci-gaba a Abuja, yawan gine-gine da gadaje shi ne abu mafi sauƙin ƙirgawa. Tambayoyin da suka fi amfani su ne: cikin cibiyoyin mazaɓun ƙananan hukumomi takwas ɗin, nawa ne ke da ungozoma da ƙarfe biyu na dare? Sa'a nawa ake ɗauka daga kiran mota zuwa shiga ɗakin tiyata? Leda nawa ta jini ke ajiye? Kwana nawa asibiti ke jira kafin a biya shi kuɗin tiyatar da ya yi kyauta? Mace-mace nawa aka rubuta, aka zauna aka binciki dalilinsu, har da waɗanda suka faru a gida?

Ana iya ganin alƙaluman Kafanchan sun hau a shekarun farko, saboda matan da a da ke rasuwa a gida ko a hanyar Jos za su fara isowa ana rubuta su. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin gazawa ba, balle a matsa wa ma'aikata su ɓoye shi. Sai an san adadin gaskiya, ƙauye bayan ƙauye, za a san inda za a ajiye mota da inda za a tura ungozoma kafin damina ta gaba.