Zaɓen Kansila A Gidan Igwai: Wa Ake Yaudara?

Ranar Asabar 21 ga Satumba, 2024, aka ce wai an yi zaɓen ƙananan hukumomi a jihar Sakkwato. Da aka tashi faɗar sakamako sai aka ji jam'iyyar APC ta lashe kujerun ciyamomi 23 da na kansiloli 244. Ko ɗaya ba ta kuɓuce ba. Mazaɓar Sarkin Adar Gidan Igwai da ke Sakkwato ta Arewa tana cikin waɗannan 244, kuma ita ma, kamar sauran, ta faɗo inda aka tsara mata ta faɗo.

To, ɗan uwa mai karatu ya koma baya kaɗan. Ranar 27 ga Maris, 2021, lokacin Aminu Waziri Tambuwal yana gwamna a ƙarƙashin PDP, an yi irin wannan zaɓe. Wa ya ci? PDP: ciyamomi 23, kansiloli 244. A 2016 kuwa, Tambuwal ɗin nan dai yana APC, sai APC ta share. Mutanen Gidan Igwai su ne dai ba su canza ba, lungunansu su ne dai, talaucinsu shi ne dai. Abin da ya canza kawai shi ne rigar wanda ke zaune a gidan gwamnati. Shin akwai mai hankalin da zai yarda cewa mazaɓu 244, daga Illela har Kebbe, duk rana ɗaya suke sauya ra'ayi, kuma kullum ra'ayin ya dace da na gwamna?

Za su ce ai 'yan adawa ne suka ƙaurace. Gaskiya ne, APC ta ƙaurace a 2021, PDP ta ƙaurace a 2024. Amma wannan ai tonon asiri ne! Kowaccensu ta san yadda ake dafa abin, domin ta taɓa riƙe ludayin. Da tana ciki ta kira shi zaɓe, da ta koma waje ta kira shi maguɗi. Ita hukumar zaɓen jihar gwamna ne ke naɗa shugabanta da mambobinta. An ba kura ajiyar nama, sannan ana mamakin ƙashi.

Hatta gaggawar zaɓen 2024 ba don talakan Gidan Igwai aka yi ta ba. Ranar 11 ga Yuli na shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi a riƙa ba su kai tsaye, kuma kantomomin naɗi ba su da hurumin karɓa. Nan take jihohi suka shiga rige-rigen shirya zaɓe. Kwana 72 bayan hukuncin Sakkwato ta yi nata. Kuɗi ne ya yi kira, aka amsa.

Kansila shi ne ya kamata ya zama na kusa da jama'a. Shi zai tsaya a majalisar ƙaramar hukuma ya ce kwatamin unguwa ya toshe, makarantar firamare ba benci, ƙaramin asibiti ba magani, jama'a na sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa. Amma wanda sunansa ya fito daga aljihun ubangidansa, gaban wa zai ji kunya? Ba ƙuri'ar unguwa ta kai shi ba, saboda haka ba unguwa yake wa aiki ba.

Abin takaici ma, a dubi sunayen mazaɓun birnin: Waziri, Magajin Gari, Magajin Rafi, Sarkin Musulmi. Sarautu ne na daular da jihadin 1804 ya haifar, kuma a wannan ƙaramar hukumar Hubbaren Shehu yake. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin ɗabi'un zaluncin sarakunan zamaninsa. Yau a mazaɓun da ke ɗauke da waɗannan sunaye, da gaisuwa ake samun tikitin takara.

Wanda ya fi kowa asara shi ne matashi. Shi ke manna fasta, shi ke rataye a bayan motar kamfe yana kirari har murya ta dushe. Shi ake ba ƙwaya da gora a kira shi Eriya Boi, a tura shi ya tare ɗan unguwarsu, wanda tare suka yi makarantar allo, saboda kujerar da tun kafin a buga takardar ƙuri'a an san mai ita. In aka fasa masa kai, uwarsa ce ke jinya. In 'yan sanda suka kama shi, ubansa ne ke sintiri. 'Ya'yan masu tura shi kuwa ba a ganin ko ƙeyarsu a rumfar zaɓe.

Duk matashin da wani ɗan takarar kansila ya zo nema a Gidan Igwai, ko Gagi, ko Tudun Wada, to ya tambaye shi abu biyu a gaban jama'a: nawa ne ya shigo wa ƙaramar hukumar a watan jiya, kuma nawa aka kashe a wannan mazaɓa? In ya kasa amsawa, a mayar masa da fastocinsa, ya kira 'ya'yan cikinsa su manna.