Rabin lokaci shekaru yake ci, ba ya taɓa albashin ƙarshe

A asibitocin gwamnatin Birtaniya, wato NHS, akwai tsoron da ke hana tsofaffin ma'aikatan jinya rage awoyin aiki ko da gwiwa ta fara ciwo. A ganinsu, tunda tsohon tsarin fansho da albashin ƙarshe yake lissafi, duk wanda ya koma rabin lokaci dab da ritaya ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa. Ba haka lissafin yake ba.

A tsarin 1995 na fanshon NHS, kowace shekarar aiki tana ba mutum kashi ɗaya cikin 80 na albashinsa mafi tsoka a shekaru uku na ƙarshe, sannan a ba shi ninki uku na fanshon shekara a dunƙule. Mai aikin rabin lokaci kuwa, ba abin da ke shiga aljihunsa ake dubawa ba. Albashin da zai samu da yana yin cikakkun awoyi 37 da rabi a mako, shi ake ɗauka. Shekarun ne ake yanke wa.

A ce wata ma'aikaciyar jinya ta yi shekara 20 cur, sannan ta yi 10 tana rabin lokaci, kuma cikakken albashin matakinta fam 40,000 ne. Goman nan biyar za a ƙirga mata, ta tashi da shekara 25. Fanshonta fam 12,500 ke nan a shekara, da fam 37,500 a dunƙule. Ta yi asarar shekara biyar, amma ashirin ɗin farko suna nan daram. Da da fam 20,000 ɗin da take karɓa aka yi lissafi, da 7,500 kawai za ta samu ko an ƙirga mata talatin ɗin duka.

Ni dai ina ganin adalci a nan. Inda ramin yake shi ne sauka daga mataki. Wadda ta gaji da shugabancin ɗakin marasa lafiya ta karɓi ƙaramin muƙami, ta kuma daɗe a kai, ita ce ke iya jawo albashin ƙarshe ƙasa, ya ja dukan shekarunta tare da shi, sai fa in ta nemi a kare mata tsohon albashin a kan lokaci.

Adalcin ma ba a ruwan sanyi ya zo ba. An daɗe ana hana masu rabin lokaci, galibinsu mata, shiga tsarin fansho. Daga baya, da kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar Preston a 2000, aka ba su damar neman haƙƙinsu tun daga Afrilun 1976.

'Yan uwanmu da suka kama aiki a NHS kwanan nan, wannan lissafi bai shafe su ba. Suna cikin tsarin 2015 ne, wanda ke tara kashi ɗaya cikin 54 na ainihin abin da aka biya mutum kowace shekara, kuma tun Afrilun 2022 kowa can aka mayar da shi, sai dai shekarun da aka riga aka tara a tsarin 1995 har yanzu da albashin ƙarshe ake lissafa su. A tsarin 2015 in ka rage awoyi, tarin wannan shekarar ne kaɗai ke raguwa. Mu ma a Najeriya gwamnatin tarayya ta bar lissafin albashin ƙarshe tun dokar fansho ta 2004, sai abin da aka zuba maka a asusu.

Wanda ke da tsofaffin shekaru a tsarin 1995 kuwa, kafin ya sa hannu a takardar sauyin aiki, ya tambayi ofishin fansho a rubuce: awoyi ne za su ragu, ko har da mataki?